Lomar Farko ta Ɗan Kifi

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

Yau a filinmu na noma da kiwo ruwa za mu shiga, saboda haka kowa ya naɗe ƙafar wandonsa.

Wani matashi ne daga unguwar Dawaki, nan cikin garin Gombe, ya tare ni bayan an sauko daga Juma'a, ya miƙo mini wayarsa. Ɗan bidiyo ne a ciki. Akwatin gilashi cike da ruwa garai-garai a falon wani Bature, ga wasu 'yan kifaye biyu masu launin lemo da ratsin fari suna kai da komo a bakin wata 'yar tukunyar ƙasa. Ya ce, "Baba, kifin fim ɗin Nemo ne wannan. Mutumin nan a ɗakinsa yake ƙyanƙyasarsu yana sayarwa. Ni ma in na sayi gilashi na zuba gishiri a ruwa, zai yiwu a nan?" Na ce, "Ɗana, tambayarka ta fi ƙarfin tsayuwar ƙofar masallaci, ka kunna rediyo ranar shiri." To ɗana, in kana kusa, ga amsarka. Ku kuma masu kiwon tarwaɗa, kada wanda ya murɗa tasha, rabin zancen naku ne.

Daga Gombe zuwa Legas a mota ya haura kilomita 1,000. Ko ka je Legas ɗin ka tsaya a bakin teku ba za ka ga kifin nan ba, don babu shi a Tekun Atilantika gaba ɗaya. Gidansa Tekun Indiya da Tekun Fasifik, wajejen Indunusiya da Filifin da arewacin Ostareliya, cikin ruwa mai ɗumi tsakanin duwatsun murjani. A can yake kwana a jikin wata halitta da in ka gan ta sai ka rantse fure ce, alhali dabba ce mai harbi. Sauran kifaye gudun ta suke yi, shi kuwa yauƙin jikinsa ya kare shi, ya mai da ita ɗaki. Fim ɗin da ya fito a 2003 shi ya sa yaranmu suka san kamarsa.

Kifayen ado na ruwan daɗi, yawancinsu a gona aka haife su. Na teku kuwa, har gobe galibinsu kamo su ake yi. A Filifin da Indunusiya an daɗe ana fama da masu fesa gubar sayanaid cikin ramukan murjani, don kifi ya galabaita a ɗauke shi da hannu. Da yawa sukan mutu a hanya, murjanin ma ya mutu. Shi ya sa duk wanda ya iya ƙyanƙyasar kifin teku a gida ake ganin girmansa, kuma shi ya sa aikin ke da kuɗi.

Ɗana, ka ce za ka zuba gishiri a ruwa. Kowace lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. Jarkar 'yan garuwa mai lita 25 ke nan za ta ci giram 875, kilo guda ba kaɗan. Gishirin miya kuma ba zai yi ba shi kaɗai, don ruwan teku na da wasu ma'adinai irin su kalsiyam da maganiziyam, kowanne da adadinsa. Akwai gishiri na musamman da aka haɗa domin wannan aiki, daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala. Akwati mai lita 100 zai lashe kilo uku da rabi a cikar farko, kuma duk sanda ka sauya wani kaso na ruwan sai ka sake haɗa sabo.

Ga wani abu da uwargida ta fi mu sani. In an bar miya a kan wuta, ruwa ne ke ƙonewa, gishiri ƙara fitowa yake yi. Haka akwatin kifi yake. Ruwa na tashi ya bi iska, gishiri yana nan zaune. A hunturun Gombe, lokacin da wanki ke bushewa kafin a gama shanya, gishirin akwatinka zai riƙa hawa kullum ba ka sani ba. Maganinsa ka ja layi a jikin gilashi, duk sanda ruwa ya sauka daga layin ka cika da ruwa zalla, marar gishiri. Wanda ya cika da ruwan gishiri ya jiƙa wa kifinsa ajali da hannunsa.

Sai zafi. Kifin nan yana son ruwa tsakanin digiri 25 da 27, safe da yamma, rani da damina. Mu kuwa a Maris da Afrilu zafin rana yakan doshi digiri 40, ɗakin kwano kuma kun san yadda yake da azahar. A daren Disamba da Janairu sanyi ya sauko kusan digiri 15. Teku faɗi gare ta, ba ta ɗumama a yini ɗaya, ba ta hucewa a dare ɗaya, don haka kifin cikinta bai saba da canji ba. Tarwaɗarmu a kududdufi ta tashi, ta ga ambaliya ta ga ƙafewa, shi ya ba ta taurin rai. Wancan ɗan gata ne.

Kashin kifi da ragowar abinci kuma suna rikiɗa su zama amoniya, guba ce. Wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suke zama a cikin matatar ruwa da jikin duwatsu suna karya gubar. Kafin su yi yawan da za su iya aikin, sai akwati ya yi mako huɗu zuwa shida yana gudana babu kifi ko ɗaya. Su ma iska suke shaƙa. Injin matatar ya tsaya na tsawon dare, sai su fara mutuwa, kifi ya bi su. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu mu ce duk ka tsallake waɗannan, kifinka biyu suna raye suna cin abinci. A nan akwai abin al'ajabi. Kifin nan ba a haifarsa mace. Dukkansu da halittar namiji suke tasowa, wanda ya fi girma a cikin gida shi ke juyewa ya zama mace, na biye da shi ya zama mijinta. In ta mutu, mijin ya juye ya gaje ta. Ikon Allah ke nan. Ga mai kiwo kuwa sauƙi ne: ka sayi ƙanana biyu, ɗaya ya ɗan ɗara ɗaya, su da kansu za su daidaita. Sai dai haƙuri, don akan yi shekara guda ko fiye kafin su fara ƙwai.

Tukunyar ƙasar da ka gani a bidiyo ba ado ba ce. A jikinta macen ke liƙa ƙwai, 'yan ɗaruruwa, launin lemo, a jere kamar an shuka su. Daga nan aiki ya koma kan namiji. Shi ke fifita su da fukafukinsa don iska ta ratsa, yana tsince wanda ya lalace da baki. Bayan kwana bakwai zuwa tara za ka ga idanu biyu suna ƙyalli a cikin kowane ƙwai kamar azurfa. Daren nan ne. Ba sa fitowa sai duhu ya yi, jim kaɗan bayan an kashe fitila. Mai kiwo ya haska 'yar tocila a kusurwa guda, 'ya'yan su taru wurin hasken, ya kwashe su a hankali da kofi zuwa wani akwati dabam, in ba haka ba matata ta zuƙe su ko manyan su cinye su. Wasu ma tun da yamma suke ɗauke tukunyar ɗungurungum su kai ta ɗakin reno. Ma'auratan da suka saba, kusan duk mako biyu sai sun sake zuba wasu.

(Ɗan kiɗa)

Jama'a, duk abin da na faɗa zuwa yanzu share fage ne. Inda gizo ke saƙar shi ne bakin ɗan kifin nan.

Tsawonsa duka-duka milimita uku ne, kamar kan ashana ko ƙasa da haka, to ku ƙiyasta bakin. 'Yar gwaiduwar da ya fito da ita a ciki ba ta kai shi ko'ina. Ba ya cin gari, komai laushinsa. Abin da ke motsi a gaban idonsa shi kaɗai yake cafka, kuma sai abin ya fi bakinsa ƙanƙanta. In bai samu ba cikin kwana biyu zuwa uku, shi ke nan. Shekara da shekaru a nan masu gwaji suke faɗuwa: ƙwai ya ƙyanƙyashe, a yi murna, a wayi gari na uku babu ko ɗaya.

Mutanen Japan ne suka buɗe ƙofar a shekarun 1960. Akwai wata mitsitsiyar halitta ta ruwa da ake kira rotifa, ba ta kai sulusin milimita ba, wadda da can masu kiwon kifi a ƙasar suke ɗauka annoba ce a tafkunansu. Sai aka gano ita ce daidai bakin 'ya'yan kifin teku, kuma ana iya tara ta a ruwan gishiri ta hayayyafa. A farkon shekarun 1970 wani masanin kifi a jihar Fulorida ta Amurka, Martin Moe, ya fara ƙyanƙyasar irin kifin nan naka da yawa har ya zama sana'a.

Amma rotifa ma cin abinci take yi. Abincinta wata gansakuka ce mai ƙwaya ɗai-ɗai da ke mai da ruwa kore shar. Ka ga ke nan mai wannan sana'a makiyayi ne mai garke uku: ga kwalaben koren ruwa a gaban fitila, ga bokitan rotifa suna tafasa da kumfar iska, ga kifin. Garke ɗaya ya faɗi, sauran sun faɗi. Kuma dole garken rotifa ya bunƙasa tun kafin daren ƙyanƙyasa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ɗakin bokitai shi ne ba a nuna maka a bidiyo ba.

Bayan kamar kwana biyar zuwa mako guda, baki ya ɗan buɗe, sai a koma abinci na biyu, wato atimiya. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa, na san kun gyara zama, don kun san gwangwanin. Atimiya wani ɗan jatan lande ne da ke rayuwa a tafkunan da gishirinsu ya fi na teku. Mafi shahara shi ne babban tafkin gishiri na jihar Yuta a Amurka, inda ake kwasar ƙwansa a busar a cika gwangwani. In ka buɗe sai ka ga kamar garin ƙasa ja-ja. Muddin a bushe yake kuma a rufe, zai daɗe bai lalace ba. Ka zuba shi a ruwan gishiri da iska, kafin awa 24 ya farka, ka ga ɗigo-ɗigo masu launin lemo suna tsalle. Tun shekarun 1930 aka gano amfaninsa wajen renon 'ya'yan kifi. Ɗan kifin Nemo da ya kai ga cin atimiya, wajen kwana na goma ko sha biyu zai sauya kama, farin ratsin farko ya fito masa a bayan kai, ya sauko ƙasa yana rangaji irin na iyayensa. Daga nan hankalin mai kiwo ya fara kwanciya.

Kada ku manta, wannan shi ne mai sauƙin cikinsu. Akwai wani kifi rawaya na tsibiran Hawayi da masana suka yi sama da shekara goma suna fafatawa da shi, sai a 2015 wata cibiyar binciken teku a can ta samu nasarar renonsa. Shuɗin kifin nan da yara ke kira Dori, sai a 2016 aka iya, a wani ɗakin bincike na Jami'ar Fulorida. Me ya hana tun da? Ƙwai suna samuwa. Bakin ne. 'Ya'yansu ba sa iya rayuwa a kan rotifa, sai da aka koyi kiwon jariran wasu ƙwarin ruwa da suka fi dacewa da su. Masu digiri da kuɗi da wutar da ba ta ɗaukewa, loma guda ta tsare su shekaru.

To mu dawo gida.

A nan Gombe akwai masu ƙyanƙyasar kifi a tsakar gida, cikin baho da tankin roba da tamfol, kuma abin da suke yi ɗan'uwan wancan ne na jini. Tarwaɗa mai taurin rai ce in ta girma, amma wurin haihuwa ita ma 'yar rigima ce. A kogin Gongola, ko a bakin dam ɗin Dadin Kowa, sai damina ta sauka ruwa ya malala cikin ciyawa sannan take zuba ƙwai. A tanki kuwa, cikinta zai cika fal ta ƙi saki. Dole sai an yi mata allura.

Ga yadda ake yi, ga wanda bai taɓa gani ba. Za a zaɓi mace wadda cikinta ya kumbura ya yi laushi, in an ɗan danna sai ƙwai kaɗan su ɓullo, launinsu tsakanin kore da ruwan ƙasa. A auna ta a sikeli. In allurar Ovaprim ce, rabin mililita ake yi wa kowane kilo ɗaya na nauyinta, a tsokar baya, a rufe mata kai da jiƙaƙƙen tawul don ta natsu. A ajiye ta ita kaɗai a baho a rufe da abu mai nauyi, don tsalle take yi. Bayan awa takwas zuwa sha biyu, gwargwadon ɗumin ruwa, ƙwan ya nuna. Masu aikin sukan yi allurar da dare don tatsa ta faɗo da safe. A goge ta tas, a riƙa shafa cikin daga sama zuwa ƙasa, ƙwai na zuba cikin busasshen kwano kamar kunun da ya yi kauri. Da ka ga alamar jini, ka tsaya. Mace mai kilo guda tana ba da dubun-dubatar ƙwai.

Namijin kuwa, sai dai ya yi haƙuri, don shi ba ya tatsuwa. Yanka shi ake yi a ciro 'ya'yan marainansa, a tsattsage su a matse farin ruwan a kan ƙwai. Wasu sukan fara sirka shi da ruwan gishiri mai giram tara a lita, don a cikinsa ƙwayoyin suna nan a kwance ba su fara gudu ba. Da an zuba ruwa zalla sai su zabura, kuma ƙarfinsu bai fi na minti guda ba. A gauraya da gashin kaza ko cokalin roba, a yi maza a baza ƙwan a kan ragar gidan sauro da aka shimfiɗa cikin ruwa. Shimfiɗa ɗaya tak, kada wani ya hau kan wani, don wanda aka danne ba ya samun iska. Tsakanin awa 20 da 36 za ka ga wutsiyoyi suna motsi, 'ya'yan suna zurarewa ta hudar raga suna taruwa a ƙasa. Ƙwan da bai ɗauka ba zai yi fari, ya fara fitar da gashi-gashi kamar auduga. Ɗaga ragar ka fitar da shi nan take, ruɓarsa ita ke fara ɓata ruwa.

Kwana uku suna rayuwa da gwaiduwar cikinsu, a cure a kusurwa mai duhu. A rana ta uku zuwa ta huɗu za su watse suna neman abinci. Kun ga mun dawo kan lomar farko. Sa'ar da muka yi ita ce bakin ɗan tarwaɗa ya fi na ɗan kifin teku faɗi, ba ya bukatar rotifa, kai tsaye yake kama atimiya. Gwangwanin da Baturen bidiyon nan yake buɗewa a falonsa, irinsa ne ake buɗewa a bayan gida a Dawaki da Pantami da Bolari.

Bari in ba ku labarin wautar da na taɓa yi, don gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Shekarun baya na gwada ƙyanƙyasa a baho uku, cikin hunturu. Ƙwai ya yi kyau, 'ya'ya baƙi ƙirin a ƙasan baho, har na fara lissafin kuɗi. A rana ta shida atimiyata ta ƙare, na ga tsadar gwangwani na ce a'a. Na dafa ƙwan kaza, na murje gwaiduwar a ruwa na zuba musu, kuma da yake ina tausayinsu na zuba da yawa. Da magariba ruwan ya yi fari-fari, na ce gobe da safe na zuƙe dattin da tiyo. Cikin dare wuta ta ɗauke, injin iska ya yi shiru, ni ko ina barci. Da asuba na ɗaga murfi, wari ne ya fara yi mini sallama. Baho biyu babu mai motsi. Na ukun da na manta ban zuba masa gwaiduwa da yawa ba, shi ya tsira.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan wuta, amma nawa ne. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, babbar tarwaɗa tana da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take yini a kwando ba ta mutu ba. Jaririn bai da ita tukuna, sai ya yi 'yan makonni take fitowa. Kafin nan, iskar da ke narke cikin ruwa ita ce ransa, daidai da ɗan kifin teku. Ragowar abinci in ta fara ruɓewa, iskar nan take cinyewa.

Akwai sauran tarkuna. Ruwan famfo da ake tacewa daga Dadin Kowa an sa masa kulorin don lafiyarmu, ga ɗan kifi kuwa guba ce, sai a tara shi a buɗaɗɗen tanki ya kwana ɗaya ko biyu kafin a yi amfani da shi. Ruwan rijiyar burtsatse yakan fito da ƙarancin iska, shi ma yana son a bar shi ya sha iska. Ruwan kura kuwa, ka tambayi daga inda aka ɗebo da abin da jarkar ta taɓa ɗauka. Sannan akwai waɗanda 'yan sana'a ke kira shuta, 'yan kaɗan da ke zarce 'yan'uwansu girma cikin mako biyu. Sabon shiga yakan yi murna da su. Su ne ke haɗiye sauran. Duk mako sai an tace an ware su, in ba haka ba ka zuba dubu biyar ka kwashi ɗari uku masu ƙiba.

Wani abin sha'awa kuma, ga mai son kallon yadda kifi ke reno. A tsibiran Banggai na Indunusiya akwai wani ɗan kifin teku mai ratsin baƙi da ɗigon fari, wanda namijin ke ɗaukar ƙwai a baki wajen mako uku zuwa huɗu, ba ci ba sha, har 'ya'yan su fito da girmansu suna iya cin atimiya. Saboda yawan kamunsa, a 2007 aka sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa. To irin wannan reno muna da shi a nan. Karfasar da ake soyawa a bakin titi, macen ce ke ɗaukar ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe, kuma ko bayan sun fito, da sun ga haɗari sai su ruga su koma ciki. Sa karfasa a akwatin gilashi ka zauna ka kalla. Babu gishirin dala, babu jirgin sama.

Ɗana, ka tambaye ni ko zai yiwu. Zai yiwu, ban ce ba zai yiwu ba. Wanda yake da sola da batir da za su riƙe injin iska da matata dare da rana ba yankewa, da ɗakin da zai iya sanyayawa a Afrilu ya ɗumama a Janairu, da hanyar samun gishiri da irin rotifa daga Legas ko daga waje, zai iya. Amma a ganina, wanda bai taɓa raya ɗan tarwaɗa daga ƙwai zuwa tsawon yatsa ba, in ya fara da kifin teku kuɗinsa kawai zai zuba a ruwa. Kuma ka tambayi kanka, in ka ƙyanƙyashe ɗari biyu, wa zai saya a Gombe? Duk mai saye sai shi ma yana da akwatin ruwan gishiri. 'Ya'yan tarwaɗa kuwa, masu tafkuna har layi suke yi wa mai iri mai kyau, musamman a ƙarshen hunturu lokacin da sanyi ya hana mutane da yawa ƙyanƙyasa. Mai son ilimin abin da tushe, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa ta jihar Neja, ta harkar teku kuma tana Victoria Island a Legas.

Ga aikin da zan ba ka, kuma duk mai sha'awa yana iya bi. Ka samo gorar roba mai lita ɗaya da rabi, ka yanke gindinta, ka kifa ta baki a ƙasa da murfinta a rufe. Zuba ruwa lita ɗaya, da gishiri giram 25 zuwa 30, wato babban cokali biyu ba a cika ba. Ka roƙi wani mai ƙyanƙyasa ya sayar maka da atimiya kaɗan, ba sai ka sayi gwangwani ba. Rabin ƙaramin cokali ya isa. Ka zura tiyon iska har ƙasa, ka bar ta kusa da fitila. Bayan awa 24 ka kashe iskar ka jira minti biyar: ɓawon zai taso sama, masu ran su taru ƙasa wajen haske. Ka zuƙo su, ka ɗauraye da ruwa zalla, ka ɗaga a kofin gilashi ka kalle su da idonka. Ka maimaita wannan kwana bakwai a jere ba fashi, har da daren da babu wuta.

Sannan ka sayi ma'aunin zafi na ruwa, ba shi da tsada. Ka ajiye bokiti cike da ruwa a daidai wurin da kake son kafa akwatin gilashin, ka riƙa rubuta abin da ma'aunin ya nuna da asuba da kuma bayan azahar, a littafi, kullum. Ka ja layi a jikin bokitin ka ga yawan ruwan da ke tashi a mako. Bayan Juma'a huɗu ka same ni inda ka tare ni, ka zo da littafin, mu duba tare.

Lokaci ya cimma mana, masu sauraro. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A kwana lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)